Yis Ɗin da Dakta Ta Bayar a Bakin Tsinke

Akwai wata mai bincike da kowa a wurin aikinsu ke kira Dakta. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko shayi a tsaye take shansa.

Aikinta da yis ne, irin wanda ake kumbura burodi da shi. A danginsu akwai wani ciwon gado da ya kwantar da ƙaninta. Sai ta ɗauko ƙwayar gadon da ake zargi da kawo ciwon, ta dasa ta a cikin yis, don yis yana hayayyafa da sauri, kuma a jikinsa ana iya kallon abin da ƙwayar take aikatawa. Shekaru ta yi tana fama kafin dashen ya kama. Ta zuba yis ɗin a 'yan kwalabe, ta adana a firizar ɗakin bincikenta.

Ummanta kan tsokane ta: "Duk karatun nan, ashe gidan burodi kika ƙare?"

Wata rana maƙwabcin ɗakinta, wani mai bincike da ake kira Malam Dogo, ya leƙo.

"Dakta, a ɗan sam mini yis ɗin nan naki mana. Akwai gwajin da nake so in yi."

Al'adar masu wannan aiki ce, idan abokin aiki ya roƙi iri, a ba shi. Ga ɗalibai suna kallo, ba damar ta hana. Ta ɗauki tsinken sakace da aka dafa, ta lakato ɗan mitsitsi, ta goga masa a faranti.

"Kai, Dakta! Ko kwalli ake rabo ai an fi haka."

"Zai ishe ka," ta ce, ba ta ko murmusa ba.

Tun ranar hankalinta bai sake kwanciya ba. Idan ta ji dariya a ɗakinsa, sai ta ce ya gano wani abu. Idan ta ji shiru, sai ta ce ɓoyewa yake. Ta wuce ƙofarsa da kofi, ta dawo ba komai a kofin. Tsoronta ɗaya: ya riga ta fitar da sakamako, wahalarta ta tashi da sunan wani.

Har a kan sallaya abin yake bin ta.

"Wai raka'a nawa kika yi?" in ji Umma.

"Umma, zai ƙwace mini aiki."

"Ya ce miki zai ƙwace?"

"Ai ba sanarwa ake yi ba."

"To ke maganin ɗan'uwanki kike nema, ko sunanki?"

Dakta ta naɗe sallaya. A ranta ta yanke: da an dawo dogon hutu, za ta same shi ta ce ya zubar da yis ɗinta a gabanta. Hutun nan kaf da haddar maganar ta cinye shi.

Ranar komawa ta riga kowa isa. Tana buɗe ɗakin, wari ya tare ta. Ruwa kwance a ƙasa. Injin firizar ya ƙone tun farkon hutu, kwalaben duk sun narke sun ɗume.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta shafa abin da ya rage a farantai, ta sa a akwatin ɗumi. Kwanaki ta yi tana buɗewa tana rufewa, tana ɗaga faranti ga hasken taga. Babu abin da ya fito sai funfuna kore shar.

Ba ta taɓa ajiye irin a wani wuri ba, don ba ta yarda da kowa ba. Duk duniya saura wuri ɗaya.

Ta je ƙofar Malam Dogo, ta juya. Ta sake zuwa, ta sake juyawa. Tana shirin juyawa kuma sai ya buɗe.

"Dakta, kin kusa cinye simintin ƙofar nan. Shigo mana."

"Malam, yis ɗin da na ba ka..." Sauran maganar da ta haddace ta maƙale. "Yana nan?"

Ya buɗe akwatin ɗuminsa, ya zaro faranti. Ɗigo-ɗigon yis farare tas sun cika shi, kamar an yayyafa madara. A gefen farantin an rubuta: Na Dakta.

"Ga jikokinki, sun yi ƙiba. Akwai wasu a firizata, don na ga kakarsu ba ta da yawan kyauta." Ya yi dariya. "Na ma ga wani abu: idan zafi ya ƙaru, sai su daina girma. Na so in nuna miki tun kafin hutu, amma kullum kika gan ni sai ki canja hanya."

Dakta ta nemi kujera ta zauna. Ɗaliban suka kalli juna, don ba su saba ganinta a zaune ba.

Malam Dogo ya ɗauko tsinke, ya lakato ɗan mitsitsi, ya dube ta.

"Zai ishe ki?"

Ta rufe fuska da mayafi, dariya da hawaye suka haɗe mata. Shi kuwa ya ajiye tsinken, ya miƙa mata farantin gaba ɗaya.

A satin nan ta raba irin ga ɗakunan bincike da dama, da hannunta.

Darasi: Abin da Dakta ta ƙulle ya ruɓe, ɗan abin da ta bayar, ko da rai ba ya so, shi Allah ya raya mata. Kada mu yi rowar ilimi, kuma kada mu yanke wa mutum hukunci da zato. 'Yan'uwa, ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah ya wanke mana zukata.