Zoben Inna Dela

A shekarun da iyalai suka fara barin tsofaffin gidajen Balad, wato tsohon garin Jidda, suna komawa sababbin unguwanni, an yi wani mutum a Jidda mai suna Abdulghaffar. Haifaffen garin ne, kakansa ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa ya zauna. Sana'arsa bin gwanjo. Duk gidan da aka fito da tsofaffin kaya ƙofa za a sayar, shi ne na farkon zuwa. Ba ruwansa da darduma ko tukunya, azurfa kawai yake nema: karyayyen awarwaro, tsinkakkiyar sarƙa, ɗan kunnen da ya rasa ɗan'uwansa. Lokacin mata sun koma wa zinariya, azurfa ta yi araha. Sai ya tara, ya kai wa maƙeri a narkar.

Da ya tsaya nan, da halal ɗinsa yake ci. Amma Abdulghaffar mutum ne mai mugun kwaɗayi. Sai ya ɗauki munduwa ya jujjuya, ya taɓe baki ya ce ai kuza ce, ya saya a wulaƙance. Da masu irin sana'arsa suka yi yawa, sai ya ga jiran gwanjo ɓata lokaci ne. Ya fara bin zaman makoki, yana yi wa magada ta'aziyya yana tambayar kayan mamaciya. Daga baya ma ya ga makokin ya yi masa nisa, ya koma zuwa dubiya. Duk tsohuwar da ta kwanta ciwo, sai ga shi da lemo a hannu, mutane na ta yabon zumuncinsa.

Wata rana ya ji cewa Inna Dela, wata dattijuwa daga Hausawan Sudan da ke zaune a unguwar Waziriyya, jikinta ya yi tsanani. Ya san tana da wani ƙaton zoben azurfa irin na da. Bayan la'asar ya tafi. 'Yarta Zakiya ta karɓe shi, ta shimfiɗa masa tabarma kusa da gadon, ta fita dafa masa shayi.

Tsohuwar na kwance ido a rufe, numfashinta na fita da ƙyar. Ya kama hannunta kamar mai yi mata addu'a, ya ja zoben. Yatsan ya kumbura, zoben ya ƙi fita. Ya murɗa, ya ƙi. Sai ya tofa yawu a yatsan, ya ci gaba da murɗawa har fatar ta saluɓe.

Nan Inna Dela ta buɗe ido. Ba ta janye hannun ba. Ta dube shi, ta ce a hankali, "Ɗan nan, ka yi haƙuri mana. Ai saura kaɗan."

Ya waiwaya, sai ga Zakiya tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Ya fara kame-kame, wai gani ya yi zoben na matse wa Inna jini. Zakiya ta ajiye farantin, ta ɗauko ruwa da tsumma ta goge yawun daga hannun mahaifiyarta, ta sake gogewa. Sannan ta ce, "Halas, ya isa. Fita."

Ba ta kai shi ƙara ba, amma ta gaya wa yayanta Usuman, kafin Juma'a kuwa labari ya gama unguwa. Masu gwanjo suka riƙa tattare kayansu in sun hango shi. Maƙerin da yake hulɗa da shi ya ce kada ya sake taka masa shago. Matarsa ta daina cin abinci a kwano ɗaya da shi.

Da Inna Dela ta rasu, Abdulghaffar ya bi jana'iza, yana fatan a gan shi a sassauta masa. Aka ɗauki makara, maza na karɓa-karɓa kamar yadda aka saba. Ya matso ya miƙa kafaɗa, sai suka haɗe kafaɗunsu suka rufe gurbin. Ya zaga ɗaya gefen, nan ma aka rufe. Haka ya bi su a baya shi kaɗai har maƙabarta, babu wanda ya kalle shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kwaɗayi ba ya tsayawa inda ya fara. Wanda ya saba cutar mutane a ciniki, watarana zai kai ga abin da shi kansa bai taɓa zaton zai aikata ba. Mu nemi halal, mu ji tausayin marar ƙarfi, domin mutunci in ya zube babu abin hannun da zai mayar da shi.