Baƙon da Kaska Ta Sauke

An ce a wata ƙasa mai yawan shanu an yi wani sarki da yake da farin bijimi, yana ji da shi kamar ɗan cikinsa. Don tsananin so, ya sa aka ɗinka wa bijimin bargo mai ado, ya hana kowa ɗaga shi. Ya kuma sa a riƙa korar carki, tsuntsun nan mai tsince wa shanu kaska, wai kada ya taka abin sarki. Mai kiwon bijimin wani Bafulatani ne, Barkindo. Sau biyu yana roƙon a bar shi ya duba ƙarƙashin bargon, fadawa suna fatattakarsa.

Ba a daɗe ba bijimi ya soma ramewa, alhali dusa da harawa ba su yanke ba. Fadawa, da yake bakinsu ya fi idonsu aiki, suka ce Barkindo ne ke kwashe abincin yana kai wa shanunsa. Sarki ya fusata, ya yanke hukunci a sare masa hannu.

A garin akwai wani tsoho mai maganin dabbobi, Malam Zulƙiflu, wanda rigarsa ba ta rabo da warin garke. Ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, da wace shaida aka kama shi?"

Sarki ya ce, "Abinci yana shiga hannunsa, dabba tana ramewa. Wace shaida ta fi wannan?"

"To, ranka ya daɗe, a jinkirta kwana goma, sarki ya ciyar da bijimin da hannunsa. In ya yi ƙiba, a haɗa da nawa hannun."

Sarki ya yarda. Safe da yamma shi ke zuba dusa, ba ya barin kowa ya kusanci kwarya. Ran kwana na goma, daga nesa ana ganin ƙashin ƙugun bijimin yana tokare da bargo.

Tsoho ya ce, "Ya sarki, kwanakin nan abinci hannun wa yake shiga?"

Kunya ta rufe sarki. Tsoho ya nemi izini ya yaye bargon, sai ga kaska jingim, kowace ta ƙoshi ta yi tulu. Fadawa suka ce ga ɓarayin nan. Tsoho ya ce, "Waɗannan ma suna sha, amma babban aikinsu dako ne. Baƙon da suka sauke yana cikin jini."

Sarki ya ce, "Wane baƙo ne ido ba ya gani, kuma ya fi ƙarfin bijimi?"

"Baƙon da ba shi da gona, ba shi da murhu. Jini gari ne, ya sarki, mai ƙananan gidaje ba adadi. Sai baƙon ya shiga gida ɗaya, ya kewaye wa kansa ɗaki, ya rufe don kada dogaran jiki su gan shi. Ba ya fasa rumbu. Kowane gida yana da al'adar tara tsofaffin kayansa, ya narkar da su ya yi sababbi. To, sai baƙon ya juyo da hanyar kayan nan zuwa ƙofarsa, haka maiƙo, haka abin da ke ƙarfafa jini. Gida yana ta wahala, yana zaton kansa yake ciyarwa. Shekara talatin ina kallonsa a ɗigon jini, da madubi mai ƙara girman ƙanƙanin abu, har yau ban daina mamaki ba."

Sarki ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ƙaramin abu wannan dabara. To, wa ya buɗe masa ƙofa?"

Tsoho ya sunkuya. Ya naɗe bargon a hankali, ya ajiye a gaban sarki.

Sarki ya daɗe yana duban bargon, sannan ya sa aka kwance Barkindo. Ya kama hannun nan da za a sare, ya ɗora shi a wuyan bijimin, ya nemi gafara a gaban jama'a. Barkindo ya ce, "Na yafe, ranka ya daɗe, amma a bar carki ya dawo." Ya durƙusa ya shiga cire kaska ɗaya bayan ɗaya, tsoho kuma ya tafi haɗo magani.

Sarki ya juya ga fadawa ya ce, "Daga yau a ƙasar nan, wanda bai ɗaga bargo ba, kada ya ɗaga takobi."