Takardar Asibitin Da Dogo Bai Goge Ba

Akwai wani mutum da ake kira Dogo, mai shagon fotokwafi da cike wa mutane fom a intanet. Shekara goma sha biyu yana layin nan shi kaɗai, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da ƙwan lantarki. Abin da ke riƙe da shagon shi ne makarantar sakandaren da ke ƙarshen layi. Duk shekara shi ke yi wa ɗalibanta rajistar jarrabawa.

Sai 'yar goggonsa, wadda ake ce wa Mai Tabarau, ta buɗe irin shagon a tsallaken titi. Ta zo har wurinsa ta gaishe shi.

"Yaya, ga ni na zo maƙwabtaka. A sa min albarka."

"Allah ya sa," in ji Dogo. Baki ne ya faɗa, zuciya ba ta sani ba.

Mai Tabarau tana da wata al'ada. In ta gama wa mutum aiki, sai ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ta goge takardarsa yana gani. In fotokwafi ya ɓaci, ba ta jefa shi kwandon shara, sai ta sa shi a ƙaramin inji ya yayyanka shi siri-siri. Ta kuma manna takarda a bango, ta rubuta abin da take karɓa na bayanan mutum da lokacin da za ta goge, kamar yadda doka ta ce mai irin wannan sana'a ya yi.

Mata suka fara komawa wurinta. Tsofaffi masu takardun fansho suka bi.

Dogo yana zaune a ƙofar shagonsa yana kallo, kamar ana soya masa hanta. Ta sayi sabuwar firinta, ranar ko abincin rana bai ci ba.

Wata rana ya ɗaga murya daga tsallake: "Mai Tabarau, wai shago kika buɗe ko kotu? Mutum ya zo fotokwafi sai an karanta masa doka?"

Ta yi dariya. "Yaya, doka ce ta hau kanmu duka. Kai ma ka share kwamfutar nan taka, ta fi ka tumbi."

"Ni ba na goge komai. Duk unguwar nan tana cikin injina!"

Ku ji fa. Da amanar mutane yake fariya.

Da lokacin rajista ya matso, mai gyaran agogo ya ce masa ya ga shugabar makarantar ta shiga shagon Mai Tabarau, ta daɗe tana karanta takardar bango. Nan take Dogo ya miƙe. Ya shiga ciki ya hau tonon tsofaffin takardu a kwamfuta, har ya samo abin da yake nema.

Shekara bakwai da suka wuce, bayan haihuwarta ta fari, Mai Tabarau ta yi ciwon damuwa mai tsanani, har aka kwantar da ita a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. A shagon Dogo aka ɗauki hoton takardar likita aka tura wurin aikinta na lokacin don a ba ta hutu. An zo wurinsa ne saboda na gida ne, sirri ba zai fita ba.

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci, ta ga takardar a buɗe.

"Baban yara, me za ka yi da wannan?"

"Zan nuna wa mutane wadda suke rububinta."

"Ƙanwarka ce fa. Ka ji tsoron Allah. Hassada ga mai rabo taki ce."

"Ajiye kwanon ki tafi. Da na nemi wa'azi da na je masallaci."

Ya tura takardar a guruf ɗin 'yan layi na waya, inda iyayen yara da malaman makarantar suke. Ya rubuta a ƙasa: "Ga wadda kuke so ku ba takardun 'ya'yanku."

Ya zauna yana jiran a yi caa. Shiru. Can sai mai ƙwan lantarki ya rubuto: "Dogo, ina ka samu wannan?" Wata mata ta biyo: "To ni takardar gadon da na kawo maka bara, tana nan ke nan?"

Washegari da safe shugabar makarantar ta shigo shagonsa. Dogo ya miƙe da fara'a, ya kakkaɓe mata kujera.

"Malama, kin dai gani da idonki ko?"

"Na gani. Ba maganarta ta kawo ni ba. Takardun ɗalibaina na shekarun baya suna ina?"

"Ai ko ɗaya bai ɓata ba!" Ya buɗe kwamfutar da alfahari. Ko lambar sirri babu. Ga hotunan yara mata da maza, ga ranar haihuwarsu, ga lambobin iyayensu, ga adireshin gidajensu, tun na shekara tara.

Malamar ta dafe ƙirji. "Wa ya ba ka izinin ajiye su? Aiki muka ba ka, ba kyauta ba. Doka ta ce in an gama abin da aka karɓi bayani dominsa, a goge, kuma kada a nuna wa kowa. Jiya ka yi fushi da ƙanwarka ka watsa nata. Ran da ka yi fushi da ni, na yaran nan za ka watsa?"

"Haba Malama, ni da nake muku aiki tun..."

"Jiya da safe ban yanke shawara ba, wallahi. Na ce tsohon hannu ba a yar da shi. Kai ka yanke min."

Ta ce dole ta sanar da hukumar da ke kula da bayanan jama'a, don ita ma makarantar za a tambaye ta. Kafin mako ya zagayo jami'ai suka zo, suka rufe shagon har sai an gama bincike. Rajistar shekarar ta koma tsallaken titi.

Ranar da suka sa kwaɗo, Dogo yana tsaye a bakin kwata da makullin da ba shi da amfani a hannu. Mai Tabarau ta tsallako. Idonta ya kumbura, ana gani an san ta sha kuka a kwanakin nan. Ɗanta ya dawo daga makaranta yana tambaya ko gaskiya ne uwarsa ta taɓa hauka.

Dogo ya sunkuyar da kai. "Ki faɗi abin da za ki faɗa."

"Ba dogon zance ba ne, Yaya. Na yi ciwo, na je asibiti, na sha magani, Allah ya ba ni lafiya. Ban ji kunyar wannan ba. Kai naka ciwon, wane asibiti za mu kai ka?"

Ta juya ta koma shagonta, don mutane na jira.

Darasi: Duk mai sana'ar da ake miƙa masa takarda, hoto ko lambar waya, ya sani amana ce, ba dukiyarsa ba. Ka karɓi abin da aiki ke bukata kawai, ka kulle shi, ka goge in ka gama, kada ka nuna wa ko matarka. Doka za ta tambaye ka a nan, Allah zai tambaye ka a can. Mai hassada kuwa shagonsa yake rufewa da hannunsa. Ku tura wa duk mai shagon da kuka sani, kada ku karanta ku yi shiru.