Motar da Ba a Canza Mata Suna Ba

Ku gyara zama, 'yan uwa, ga wata magana da na kasa yankewa ni kaɗai. Tun da na ji ta, ko keke ɗana ya ce zai sayar sai gabana ya faɗi.

A unguwar da muka taɓa zama akwai wata mata, Inna Uwale, mai ɗa ɗaya tak, wani tela ana kiransa Jazuli. Yana da 'yar ƙaramar mota. Da ɗinki ya ja baya ya ce zai sayar, dillalin motoci Tasi'u ya kawo masa mai saye, sai ga shi Alhaji Maikano ne, aminin marigayi babansa. Aka yi ciniki a ƙofar shago, Jazuli ya ce ya sallama, aka shafa fatiha. Da ya kawo zancen a je ofis a mayar da takardun mota sunan Alhaji, sai Alhaji ya yi dariya.

"Kai yaro, ni na riƙe ragon sunanka aka yanka. Yau ni za ka sa in dangwala maka hannu?"

Jazuli ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Ya miƙa makulli da takardu, sunansa na jiki.

Ba a daɗe ba Alhaji ya dawo da faɗa, wai injin yana hayaƙi, an cuce shi, a karɓi mota a ba shi abinsa. Jazuli ya ce ai ya faɗa masa zancen hayaƙin tun kafin ciniki ya faɗa. Alhaji ya tafi a fusace ya sayar wa wani, wanin ma ya sayar, babu wanda ya taka ofis.

Ana nan, a hanyar bayan gari motar ta buge 'yar wani manomi, Malam Hambali, suna dawowa daga gona ita da uban. Direban ya fito ya duba, ya koma ya gudu. Yarinyar ta cika a wurin. Mutane sun riƙe lambar mota, lambar kuma ta kai 'yan sanda shagon Jazuli. Aka kira Alhaji, ya ce shi bai taɓa sayen mota a hannun yaron nan ba, gwaji kawai ya yi ya mayar. Aka kai Jazuli gidan yari jiran shari'a, damina ta wuce, hunturu ya shigo, ya kamu da tari yana ta ramewa.

Tasi'u dillali shi kaɗai ne shaidar cinikin. Filin da yake baje motoci na Alhaji ne, rabin masu sayensa ma mutanen Alhaji ne. Abokan sana'a suka ce ya rufe bakinsa, dillali ba ya tona asirin wanda yake cin la'ada a hannunsa. Ya je kotu ya rantse a gabansa aka sallama. Kafin sati ya zagayo an kore shi daga filin, yanzu lemo yake turawa a baro. Amma Alhaji ya sauya baki, ya ce to ya saya, sai dai ya mayar da ita ranar faɗan hayaƙi, dillali ba ya nan.

Ramlatu matar Jazuli tana da tsohon ciki, amma ta ce sai ta gano inda motar take. Ta bi gareji gareji, tana durƙusa wa bakanikai, wasu su yi mata kwatance, wasu su ce ta koma gida ta zauna kamar sauran mata. Daga wanda ya saya a hannun Alhaji ta samu sunan na gaba, ta bi shi wani gari a motar haya, har ta tarar da motar Jazuli a bayan wani kango an sake mata fenti. Ta kai 'yan sanda. A hanyar dawowa jini ya ɓalle mata, aka ciro ɗan babu rai, likita ya ce da wuya ta sake haihuwa. Duk da haka mai gabatar da ƙara ya ce ganin mota a wani gari bai nuna wanda yake tuƙi ranar ba.

Saura Malam Hambali, wanda ya ga fuskar direban. Dangin Jazuli sun riga sun yanke ƙauna, sun aika masa cewa za su sayar da gidan Inna Uwale su biya diyya a kashe magana. Mutumin nan ba shi da komai, matarsa ma tun rasuwar take kwance. 'Yan uwansa suka ce ya yi shiru ya karɓa, in ya wanke wannan babu wani da za a kama, jinin 'yarsa ya tafi a banza. Ranar da Malam Hambali ya tsaya a kotu, alƙali ya ce ya dubi wanda ake tuhuma. Ya daɗe yana kallonsa.

"Allah ya gafarta Malam, ba shi ba ne. Na so a ce shi ne, amma ba shi ba ne."

Aka sallami Jazuli. Direban har yau ba a gan shi ba. Da yake babu wanda ya yarda ya ce motar tasa ce, kotu ta mayar wa mai suna a takarda.

Jazuli bai iya ko kallonta ba. Tarin ya riga ya ci shi, bai kai azumi ba. Kafin ya cika ya damƙa wa uwarsa makullin.

"Inna, ki ba wanda ya fi fitar da ni. Ni na kasa zaɓa."

Motar tana nan a ƙofar gida, tayoyin sun sace, Inna Uwale ta ɗaure makullin a bakin zane tana kuka. Ɗaya ya rasa sana'a, ɗaya ta rasa ɗa da miji, ɗaya kuma motar nan ce ta kashe masa 'ya. To, ku da kuka fi ni sani, a cikin su ukun wa za ta miƙa wa makullin nan?