Dalilin da ya sa ake ɗinke aljihun kwat

Dalilin da ya sa kuka tura hannu a aljihun kwat ɗin da kawunku ya sayo a gwanjo kuka ji shi a rufe, ba mantuwar tela ba ce. Ku zauna ku ji yadda ni ma aka gaya mini. Ban ce za ku same shi a littafin makaranta ba.

A da can, kowace kwat aljihunta a buɗe yake, mai zurfi kamar jaka. A wannan zamani aka yi wani sarki a Ingila mai suna Humfiri, wanda ba a taɓa yin mai almubazzaranci irinsa ba. Sau uku yake sake kwat a rana, kuma wadda ya sa sau ɗaya ba ya komawa kanta. Gida guda ya gina mai ɗaki ɗari don ajiye su kawai. Karnukansa ma a farantin azurfa suke cin abinci.

To, Sarki Humfiri yana da wani hali da kowa a fada ya sani, amma ba mai iya faɗa. Ba ya rabuwa da ci. In ya tashi daga tebur sai ya faki ido ya cusa cinyar kaza a wannan aljihu, gasasshiyar tantabara a wancan, ya riƙa gutsura ana fadanci. Aljihu ya kumbura, kwat ta ɗame, da ya sunkuya sai ka ji ɓarr, ta yage a gaban baƙi.

Sai ya daka tsawa, "Wane ne ya ɗinka wannan?"

A kamo tela, a sa shi a jirgin ruwa, a kai shi wani tsibiri mai sanyi inda ba a dawowa. Haka aka yi da tela shida.

Na bakwai shi ne Tobiyas. Aka ce ya ɗinka kwat ɗin da sarki zai sa ranar da zai tarbi wata gimbiya da yake neman aure. Tobiyas ya dawo gida ya zauna, ya kasa ko zira zare a allura.

Matarsa Hesta tana aikin wanki da guga a fada. Ba ta da surutu, in manya na magana kanta a ƙasa yake, amma idonta ba ya wuce komai. Ta ce, "Maigida, lafiya ka ƙi taɓa abinci?"

Ya ce, "Ina lafiya, Hesta? Na auna shi sau huɗu. In na ƙara faɗi ya ce na kira shi ƙato. In ban ƙara ba ta yage. Ki fara haɗa mini kayan sanyi kawai."

Ta ce, "Duk kwat ɗin da ta yage ni nake wankewa. Ka san me nake samu a aljihu? Maiƙo. Jiya har da ƙashin kaza."

"To ni zan ce wa sarki ya daina ci? Kina so a tafi da mu biyu?"

"Ba za ka ce komai ba. Ka ɗinka abinka, in ka gama ka miƙo mini."

Ya ɗinka kwat shuɗiya mai maɓallan zinariya. Hesta ta karɓa, ta ɗauki siririn zare, ta bi bakin kowane aljihu ta rufe shi, ta kwantar da murfin a kai ta goge. Ko kai ne tela ba za ka gane ba.

Ranar ta zo. Sarki ya sa kwat, ta zauna masa ɗas. Zai fita ke nan ya ga farantin tantabaru, ya ɗauki ɗaya ya kai aljihu, hannu ya zame. Ya gwada na hagu, haka. Tantabara ta faɗi ƙasa, kare ya wawushe.

"A kawo mini telan nan!"

Aka jawo Tobiyas gaban sarki. Hesta ta biyo su da dutsen guga a hannu, don ta ma manta tana riƙe da shi. Ta durƙusa ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Ni na rufe."

Sarki ya ce, "Ke? Don me?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na lura, a kasuwa masu manyan aljihu 'yan dako ne da masu talla. Sai na ga kamar bai dace gimbiya ta zo ta tarar da sarkin Ingila yana ɗaukar wa kansa kaya ba. Na ɗauka sarki ɗaukar masa ake yi."

Sarki ya dubi madubi, ya juya gefe, ya shafa cikinsa. Rabonsa da ganin kansa ba kumburi a kwiɓi har ya manta.

Ya dubi fadawa ya ce, "Ku duk kuna nan shekara da shekaru, ba wanda ya gaya mini haka sai mai wanki?"

Nan take ya naɗa fadawa biyu masu bin sa da faranti, don cin dai bai fasa ba. Ya tarbi gimbiya, ya sunkuya har sau uku, kwat ba ta ce komai ba. Tobiyas ya koma gida da ƙafafunsa, Hesta ta kwance kayan sanyin da ta ƙulle masa.

Kafin mako ya zagayo, duk manyan gari sun aika an ɗinke musu aljihu, kada a ce musu 'yan dako.

Wata rana Tobiyas ya tambaye ta, "Amma me ya sa kika yi da zare marar ƙarfi haka? Farce ma zai tsinke shi."

Ta ce, "Sarki sau ɗaya yake sawa. Wata rana kwat ɗin nan za ta faɗa hannun mutum irinmu, shi kuwa yana da abin ɗauka."

Shi ya sa har yau ake ɗinke aljihun kwat, kuma shi ya sa ɗinkin ba ya da ƙarfi. Ke Nusaiba, miƙo mini rezar can a kan taga. Kawunku da kansa yake ɗaukar goronsa.