Kazar Inna Yalwa da Bargon Ƙyallaye

Dalilin da ya sa kaza ba ta ganin shimfiɗa a tsakar gida ta ƙyale, sai ta hau ta tattaka, ba rashin kunya ba ne kamar yadda kuke cewa. Ku yar da tsakuwar nan, ku zauna ku ji.

A da can kaza mai ladabi ce, ko tabarma ta gani sai ta kewaye. A zamanin akwai wata tsohuwa, Inna Yalwa, wadda ba ta yar da ƙyalle. Hannun rigar marigayi mijinta, bakin zanen da ta goyi 'ya'yanta da shi, duk ta adana, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta haɗa suka zama fuskar bargo. Ta shimfiɗa auduga a ƙarƙashi, ta sa farin zane a baya. Saura ɗinkin da zai bi ta sama ya kama audugar kada ta dunƙule. A nan idonta ya gaza, sai ta kira 'ya'yanta mata biyu, Hansai da Tambai.

Hansai, babbar, ta ce layi-layi za a yi kamar kunyoyin gona. Tambai ta ce zagaye ya fi kyau, irin na faifai. Harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma waɗannan har tuwo ya huce suna abu ɗaya. Ƙarshe Hansai ta ɗauko almakashi.

"A raba shi biyu, kowa ta yi nata."

"Raba mana, Yaya," in ji Tambai.

 Aikin rayuwar Inna ke nan za a tsaga a gabanta, kuma in ta goyi bayan ɗaya ta rasa ɗaya. Sai ta ce su dakata, akwai alƙali a gidan. Ta kira kazarta da ke tono a bakin murhu, ƙafafunta duk toka.

Kaza ta ce ita ba ta taka kayan mutane. Da Inna ta matsa mata, sai ta ce to, amma da sharaɗi: daga yau duk abin da aka shimfiɗa a tsakar gida, ita za ta fara dubawa. Inna ta yarda.

Tsohuwa ta bi bargon tana lalube, tana ajiye ƙwayar gero a kan kowane ƙyalle. A can gefe akwai wani ɗan ja, bai kai tafin hannu ba, shi ta zuba wa cikin hannu guda. Kaza ta hau, nan ta karkata, can ta dawo, ba ƙyallen da ta tsallake. A kan jan kuwa ta daɗe tana juyi. Inna ta ce alƙali ya yanke hukunci, sawun kaza za a bi da ɗinki.

'Yan'uwan suka ɗauki allura suna bin sawun toka suna dariya, har suka haɗu a wurin jan. Tambai ta tambayi abin da ya sa sawu ya yi yawa a nan.

"Hular autana ce, wanda ya rasu yana goye," in ji Inna. "Da layinku da zagayenku, babu wanda ya bi ta kansa."

Hansai ta tuna ita ta riƙa goyon yaron, sai hawaye. Ta miƙa wa ƙanwarta zare, suka ɗinke wurin tare, allura kusa da allura. Da bargon ya tsufa, ko'ina ya yage, ban da nan.

Shi ya sa har yau, ko shanya kuka yi, kaza za ta zo ta hau tana karkata kai. Alkawarinta take karɓa, tana duba ko an manta da wani.