Lungun Gwanki

Tun zamanin da namun daji suka fi mutane yawa a ƙasar nan, an yi wani maharbi ana ce masa Arzika. Maroƙa kan yi masa kirari da cewa, "Baƙin dafi mijin Kyauta, kibiyarka ba ta kwana da yunwa!" Masu ba da tarihi sun ce in Arzika ya ɗaga baka, to a ɗora tukunya kawai.

Wata bazara ya bi sawun nama har ya ɓace a dawa. Gorarsa ta ƙafe, ƙishirwa ta kayar da shi a gindin wata kanya, ya kwanta yana jiran ajali. Sai ga garken gwanki, wata uwa mai karyayyen ƙaho tana gaba. Ta dube shi, ga baka a gefensa, amma ba ta gudu ba. Ta yi gaba kaɗan, ta waiwayo. Arzika ya bi ta da rarrafe har wani idon ruwa a ƙarƙashin dutse. Da ya sha ya farfaɗo, ya dafa dutsen ya rantse ba zai ƙara harbin gwanki ba, kuma muddin yana numfashi ba mai tare hanyar da suke bi zuwa ruwan nan.

Ya ɗauko matarsa Kyauta suka kafa bukka a kusa. Labarin ruwa kuwa ba ya ɓoyuwa. Manoma suka zo, maƙera suka biyo baya, kowa da iyalinsa, Arzika kuma mutum ne da bai iya hana baƙo wurin zama ba. Abu ɗaya ya yi: ya kakkafa duwatsu dama da hagu na hanyar gwanki, ya ce gini ya tsaya nan. Aka sare giginyu aka yi azara, aka sassabe kurmi aka yi gonaki. Gidaje suka jeru a jikin duwatsun, katanga na kallon katanga, har hanyar ta koma lungu a tsakiyar gari.

Wata rana Kyauta ta ce, "Maigida, garken nan fa ya ɗauke ƙafa."

Ya ce, "Hanyarsu na nan, ko taku ba a ci ba. Alkawari kaya ne, na kuwa ɗauka."

Kaico! Maharbin da ya fi kowa sanin cewa nama na jin warin mutum tun daga nesa, shi ne ya manta.

Sai aka yi shekarar fari, tafkunan dawa duk suka ƙafe. Da hantsi aka zo aka kira shi, wai ga gwankaye a bakin lungu. Ya tarar da su sun rame, uwar nan mai karyayyen ƙaho tana gaba, ta tsufa tukuf. Tana jin ƙamshin ruwa, amma lungun cike yake da hayaƙi da haushin karnuka da ƙarar taɓarya. Ta sa ƙafa, ta ja da baya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Arzika ya bi gida-gida yana roƙo a kashe wuta, a ɗaure karnuka, a ajiye daka. Aka yi masa, gari ya yi tsit. Amma warin mutane ya riga ya kama katangu. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya da kansa. Da ganinsa garken ya watse, sai ita kaɗai, da ba ta da sauran ƙarfin gudu. Ya durƙusa ya ajiye mata ƙwaryar. Ta yi masa irin kallon nan na gindin kanya, ta kwantar da kai ta mutu, ba ta sha ba.

Dattijon ya fashe da kuka a gaban jama'a. Ya ce, "Ita ta kai ni ruwa, ni na raba ta da shi. Hanya na bar musu, Kyauta, ban bar musu daji ba."

Ya karya bakansa ya binne tare da ita. Baƙin ciki bai bar shi ya ga wata damina ba.

Garin shi ne ake kira Mashaya. Har yau ba a gini a Lungun Gwanki, kuma duk bazara tsofaffin mata kan ajiye ƙwaryar ruwa a bakinsa. Yara kan tambaya yaya kamannin gwanki suke, a rasa mai faɗa musu. Ƙwaryar takan yini a nan, har rana ta shanye ruwan.